Wa ya taɓa zuwa Vienna? Me kuka ci, ina kuka zaga?

Baƙon Gobe: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata mai kamawa in Allah ya yarda zan je taro Vienna, babban birnin Ostiriya, kwana biyar, biyu daga ciki ba aiki. Ba na so in ƙare a ɗakin otal ina jiƙa garin kwaki. Waɗanda suka taɓa zuwa a taimaka.

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam, Yallaɓai. A can na yi karatu. Abin da kowa zai ce ka ci shi ne Wiener Schnitzel. Naman maraƙi ne ake bugawa sai ya yi fale-fale kamar kilishi, a tsoma shi a ƙwai da garin burodi a soya. Amma ka buɗe ido. In ka ga an rubuta "Wiener Art" ko "vom Schwein", yawanci alade ne, shi ya sa yake da araha. Ko na maraƙin ma ka tambayi man suyar, don wasu da kitsen alade suke yi, Schweineschmalz. Ni makon farko miyar wake na saya, na ce wannan dai ba ruwanta da nama. Cokali na biyu sai ga wasu jajayen gutsattsari sun taso. Speck suke ce masa, naman alade ne. Na biya kuɗina na fita da yunwata.

Alhajin Maradi: Yaro ya faɗi gaskiya, amma ya manta zancen yanka. Ni ban tsaya jayayya da kowa ba, kasuwar Brunnenmarkt na nufa a unguwar Ottakring. Turkawa ne da Larabawa cike da layin, ga mahauta na halal, ga gasasshen nama, ga burodi mai zafi. Juma'a kuwa ka hau jirgin ƙasa U6 ka sauka Neue Donau. Babban masallacin yana nan bakin ruwa, an buɗe shi a 1979 da tallafin Saudiyya.

Maman 'Yan Biyu: Haba Baba Alhaji, mutum ya je har Ostiriya ya ƙare da abincin Turkawa? Yallaɓai, shiga gidan kofi ka zauna. Za su kawo maka kofi a ɗan faranti da kofin ruwa a gefe, ka yi awa biyu ba mai ce maka tashi. Na ci Sachertorte ɗin da ake ta kururutawa, kek ne na cakulan da ɗan jam a tsakiya, ni dai ya yi min bushe, sai da kirim ya wuce. Wanda ya tafi da ni Kaiserschmarrn ne, kamar fanke mai laushi da aka yayyaga aka barbaɗa sukari. Sai dai ka ce ban da zabibi, wasu a giyar rum suke jiƙa shi. Ruwan famfonsu kuma daga duwatsun Alps yake zuwa tun 1873, kar ka ɓata kuɗi kan na roba. Na taɓa saye, ashe mai gas ne, yarana suka tofar.

Ɗan Zazzau: Wajen yawo, cocin Stephansdom na tsakiyar gari. Hasumiyarsa mita 136 ce, matakala 343 kafin ka kai ɗakin leƙe, kuma hanyar ƙunci gare ta, tana murɗewa. Na hau da abokina, a ta ɗari biyu ya zauna ya ce shi ya ga garin a hoto.

Maman 'Yan Biyu: Fadar Schönbrunn ɗakuna 1,441 ne, kaɗan ake nuna wa baƙi. Lambun kyauta ne, ka hau tudun baya ka hango garin duka.

Alhajin Maradi: Kwana biyun naka dai Allah ya sa ba Lahadi a ciki. Shaguna a rufe suke ruf, har rumfunan kasuwar Naschmarkt. Ni da dabino na wuni. Sannan tashar jirgi ba ƙofa ba mai gadi, kar wannan ya ruɗe ka. Sayi tikiti, ka saka shi a na'ura ta buga masa lokaci, masu bincike ba sa jin "ni baƙo ne".

Baƙon Gobe: Na gode ƙwarai. Asabar da Lahadi ne kuwa. Garin kwakin dai zan ɗan ƙulla.