Sanyi na ƙona mini bishiyar sweetgum, wace iri ce?

Assalamu alaikum. Ina Columbus a jihar Ohio, Amurka, yankin sanyi na 6 a taswirar da ta raba ƙasar bisa tsananin sanyin hunturu. Takardar bishiyar da na dasa ta ce Liquidambar styraciflua ce, wato sweetgum ta Amurka, mai jure sanyi har yanki na 5, wanda ya fi namu sanyi. Amma duk hunturu kan rassanta sai ya bushe ya yi baƙi. Na rufe gindin da ɓawon itace, na daina zuba taki tun Yuli, na naɗe ta da buhu, duk a banza.

Abin da ya ɗaure mini kai, ganyenta yatsu uku ne, na styraciflua kuwa biyar zuwa bakwai. Uku ai na formosana ne, wani irin sweetgum 'yar Sin, wadda sanyinmu ya fi ƙarfinta. Ban da ganye, da me zan tantance wacce aka sayar mini?