Two-stroke da Hausa: ni dai na tsaya a kan "mai taku biyu"

1/
Jama'a, assalamu alaikum. Kalma ɗaya nake so ku taya ni mu daidaita: me za mu kira injin two-stroke da Hausa? Ina da sunan da na zaɓa, amma sai na fara bi ta kan waɗanda aka ba ni tun da na soma tambaya a nan Birnin Kebbi, domin kowanne da hujjarsa.

2/
Abin da ya jawo maganar, tsohuwar Suzuki A100 ta kawuna nake tayarwa a rumfar ƙofar gida, yaran gidanmu suna miƙo min sifana suna koyo. Kayan cikinta duk suna da suna: fistin, ringi, filogi, kafireta, salansa, kuloci, boris. Kanikawa sun daɗe da hausantar da su, ban ga abin taɓawa a nan ba. Nau'in injin ne kawai ba shi da suna. Sai dai a ce "irin na da", ko "irin na Jincheng". Alhali shi ya kamata yaro ya fara sani kafin ya kwance noti ko ɗaya, don man da za a zuba da ciwon da za a nema duk a kansa suke rataye.

3/
Mu fara da abin da injin yake yi, sai sunan ya biyo baya.

Abin da Bature ke kira stroke shi ne tafiyar fistin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Hawa ɗaya ne, sauka ma ɗaya ne. Injin Bajaj Boxer ko Honda CG125 sai fistin ya yi huɗu kafin aiki ya cika: ya sauka ya zuƙi fetur da iska, ya hau ya matse su, wuta ta tashi ta turo shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Karanshaf ya juya sau biyu ke nan, filogi ya kunna mai sau ɗaya.

Namu kuwa, two-stroke, a hawa da sauka yake gamawa. Yana hawa yana matse na sama, a lokaci guda yana zuƙo sabon haɗi zuwa ƙasan inji, inda karanshaf ke juyawa. Wuta na tashi ya sauko, ya buɗe ƙofar hayaƙi da ke jikin silinda, sannan ya buɗe wata ƙofar da haɗin na ƙasa zai bi ya hau sama. Kowane juyi da wutarsa. In karanshaf na juyi 5,000 a minti, wannan ya kunna sau 5,000, wancan sau 2,500. Nan zafin naman yake, nan kuma wannan ƙarar tasa mai kaifi take fitowa, wadda duk wanda ya tashi zamanin Vespa da Yamaha YB100 yake ganewa tun daga nesa.

4/
Sunan da aka fi kawo min shi ne "mai bugu biyu". Fassara ce kai tsaye, kuma tana da daɗin faɗa. Na kai wa wani dattijon bakanike da nake zuwa wurinsa in abu ya ɗaure min kai. Bai bari na rufe baki ba, ya ce: "Ɗana, kak ka ce ma mutum injinai mai bugu biyu na. Sai shi ɗauka baki kaka yi mai."

Gaskiyar Baba. A bakin mai mashin, "inji ya buga" na nufin ya lalace, sai an sauke shi. Ban da wannan ma, mai ji zai zaci wuta ce ke tashi sau biyu, alhali tafiyar fistin ake ƙirgawa. Na ajiye shi.

5/
"Mai hayaƙi" laƙabi ne. Boxer ma in ringinta ya cinye sai ta yi hayaƙi.

6/
"Mai haɗi" ya fi shi ƙarfi, don ya taɓo babban abu. Tunda fetur ta ƙasan inji yake bi, ba a iya tara baƙin mai a wurin ya zauna yadda yake zama a inji irin na Boxer. Dole man shafawa ya biyo fetur, ya shafi boris da fistin, ya ƙone tare da shi. Masu ƙaramin janareta sun san wannan, haka masu injin yankan itace, haka masu jiragen ruwa a Yauri. Awo ne: in an ce 50 da 1, mililita 20 na mai ke nan a lita ɗaya ta fetur, in 25 da 1 ne mililita 40.

Matsalar ita ce ba kowane ake haɗa wa mai da hannu ba. Yamaha ta fito da famfon mai tun 1964, wanda ta kira Autolube, Suzuki ma tana da nata, CCI. A100 da ke gabana tankin manta daban yake a gefe, famfo ne ke auna shi gwargwadon yadda ka murɗa totur. In na koya wa yaro cewa sunanta "mai haɗi", ranar da ba na nan zai juye man a tankin fetur ya bar na gefen a bushe.

7/
"Ɗan tu-ti" shi ne na kasuwa, daga 2T da ke jikin robar mai. Ina son sa, kuma a wurin mai shago shi zan ci gaba da faɗa. Amma sunan mai ne, bai gaya wa yaro komai game da injin ba.

Wani ɗan'uwa daga Jega ya ce "marar bawul". Na gode, yayana, kuma akwai gaskiya a ciki: babu bawul irin na saman kan inji, babu cen ɗin taimin. Sai dai A100 da YB100 suna da wani faifai mai juyawa a gefen karanshaf wanda ke buɗe hanyar mai yana rufewa, shi ya sa kafiretarsu take ɓoye cikin murfin gefen inji. Yamaha RX100 kuma 'yan siraran harsuna gare ta masu buɗewa da kansu. Dukansu bawul masu ƙera su suka kira su.

8/
Wanda ya buɗe min hanya malamin Islamiyyar unguwarmu ne. Ya ce Larabawa da kalmar "shauɗ" suke kiran wannan tafiya ta fistin, kalmar da muka sani a aikin Hajji. A sa'ayi, daga Safa zuwa Marwa ɗaya ne, dawowa daga Marwa zuwa Safa na biyu, har a cika bakwai a Marwa. Zuwa da ƙirgensa, dawowa da nata. Allah ya ƙara wa Malam sani, ma'anar ke nan daidai. Aikin da ya rage shi ne samo kalmar Hausa mai ƙirga haka.

Biyu suka zo: sawu da taku.

Sawu ya so ya ja ni. Amma in mai tifa ya ce ya yi sawu biyu na yashi, ya je ya dawo sau biyu ne. A wannan lissafin injin namu sawu ɗaya yake yi, Boxer kuma biyu, kun ga lambobin sun sauya gida, rikici ya shigo. Taku ba shi da wannan. Motsi ɗaya ne mai farko da ƙarshe, ana ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya, ba ya ɗauke da wata ma'ana ta lalacewa a gareji, kuma yana ba mu abokin tafiya nan take: mai taku biyu, mai taku huɗu.

9/
Na gwada shi a bakin aiki, don can ake gane ko kalma za ta rayu.

"Mai taku biyu in ya daɗe a ajiye, fara da sil ɗin karanshaf." Robar tana bushewa, ta bar iska ta shiga ta ɓarauniyar hanya, haɗi ya yi ƙaranci, inji ya yi zafi, fistin ya cije. Alamarsa, mashin ya riƙa ɗaga murya shi kaɗai ba ka taɓa totur ba.

"Mai taku biyu, salansarsa rabin ƙarfinsa ce." Man da yake ƙonawa yana barin baƙin dasƙare a ƙofar hayaƙi da cikin salansa har hanya ta tsuke. Sau da yawa ana ta kwance kafireta, ciwon yana can baya. Zuba masa baƙin mai na mai taku huɗu a madadin tu-ti yana ƙara wannan dasƙaren, yana kuma kashe filogi da wuri.

"Mai taku biyu mai famfo, a fitar da iskar famfon kafin a taka kik." In an kwance bututun mai, ƙwayar iska kan maƙale a ciki. Ni a tankin farko ina ɗan haɗa tu-ti a fetur, har sai na ga mai yana tafiya a bututun da idona.

In kuma silinda ta ƙarje, sai a kai masu inji su faɗaɗa ta, a sa fistin na gaba mai ƙarin milimita 0.25 ko 0.50, a goge kaifin bakin ƙofofin don kada su kama ringi, sannan a yi ta lallaɓa mashin har su saba da juna.

Yaran sun ɗauka ba tare da na maimaita ba. Ƙaramin ma da kansa ya tambaye ni: "Kawu, injin ban-ruwa na fadama taku nawa ne?" Na ce huɗu, shi ya sa ake duba baƙin mansa da sanda.

10/
Inda nake buƙatar ku: a rubuce "inji mai taku biyu", a baki kuwa na san za a datse shi ya koma "taku-biyu", kuma hakan ya yi min. 'Yan kabu-kabu na da, masu jirage a Yauri, kanikawan Kamba da ke hulɗa da mutanen Gaya ta Nijar inda Faransanci ke cewa deux temps, in akwai sunan da kuka gada a bakin iyayen gidanku, ku kawo shi a nan. Wanda aka riga aka saba da shi a gareji ya fi nawa cancanta, kuma zan koma kansa.