Wane makirufon ribon ne ya dace da amfilifayar jita a ƙaramin ɗaki?

Ɗan Agadas ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin sutudiyo a Agadas, kuma mafi yawan masu zuwa mini makaɗan jita ne da suka saba kaɗawa tare lokaci guda, da ganga da tafi. Amfilifayarmu Roland JC-120 ce, makirufon da nake sa mata kuma Shure SM57. Damuwata ita ce sautin yana fitowa da kaifi mai soke kunne idan makaɗi ya hau siraran tsirkiyoyi, in kuma na rage kaifin a kwamfuta sai jitar ta dushe baki ɗaya. An ba ni shawarar sayen makirufon ribon, amma kuɗin da na tara na guda ɗaya ne, kuma an tsorata ni cewa ƙarar amfilifaya tana tsinka shi. Ɗakin mita 4 ne da 5, bangonsa siminti. Wanne zan saya?

Injiniyan Sauti ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar da aka ba ka tana kan hanya. SM57 an ƙera shi da ɗan tudu a saman sauti, ita ma JC-120 an san ta da haske, to kaifi ne ya hau kan kaifi. Shi kuwa ribon, abin da ke karɓar sauti a cikinsa siririn falle ne na alminiyom mai lanƙwasa-lanƙwasa, rataye tsakanin maganaɗisu, kuma a ɗabi'arsa yana sassauta saman sauti a hankali ba tare da ya kashe tsakiya ba, alhali a tsakiyar nan ne muryar jita take.

Wanda aka fi sani a wannan aiki shi ne Royer R-121, da kamfanin Royer Labs na Kalifoniya ya fitar a 1998. Kaurin fallensa maikiron 2.5 ne kacal, amma an yi shi ya jure ƙarar da ta haura desibel 135, don haka batun tsinkewa saboda ƙara kawai ka kwantar da hankalinka. Abin da ke yi wa ribon illa shi ne bugun iska. Farashin R-121 ya haura dala 1,000, ƙaninsa R-10 kuma bai kai rabin kuɗin R-121 ba, kuma yana da kariyar iska mai rufi uku. Da ni ne, R-10 zan ɗauka, in ajiye shi kamar taƙi ɗaya daga ragar sifika, in ɗan karkata shi ƙasa don iskar sifikar ta goge fallen maimakon ta doke shi kai tsaye. Kada ka manne shi da raga, domin ribon yana kumbura ƙasan sauti matuƙa idan ya matso kusa.

Baban Zainab ya amsa:

Injiniya, ina girmama bayaninka, amma akwai jimla ɗaya a tambayar da ta sa ban yarda da zaɓinka ba: ya ce suna kaɗawa tare, a ɗakin siminti. R-121 da R-10 duka suna ɗaukar sauti a siffar lamba 8, wato bayansu yana ji kamar yadda gabansu yake ji. A babban ɗaki mai daɗin amo wannan ni'ima ce, amma a mita 4 da 5 bayan makirufon zai kwaso ganga da tafi da amsa-kuwwar bango ya zuba su cikin layin jita, kuma abin da ya shiga a ɗauka ba ya fita a haɗawa. Gaskiya ne gefunan lamba 8 kurame ne, ana iya juya gefen ya fuskanci mai ganga, sai dai bangon siminti yana dawo da sautin ta ko'ina.

Saboda haka ni Beyerdynamic M160 zan ba shi shawara. Kamfanin na Jamus yana ƙera shi tun 1957, falle biyu gare shi, kuma yana cikin 'yan tsirarun ribon da ke tattara jinsu a gaba su toshe yawancin abin da ke gefe da baya. Bai kai R-121 kauri a ƙasa ba, amma jitar sahara ba ta neman wannan kaurin, abin da take so shi ne kowace tsirkiya ta fito sarai ba tare da ta yi tsini ba. Siginarsa ba ta da ƙarfi, amma a gaban amfilifaya mai wat 120 wannan ba abin damuwa ba ne.

Wani abu game da JC-120, tunda ita ce a hannunka: sifikoki biyu ne masu inci 12, kuma idan an kunna koros, wato salon da ke sa jita ɗaya ta ji kamar biyu, sifika ɗaya tana fitar da sautin yadda yake, ɗayar tana fitar da wanda aka karkaɗa, a cikin iska ne suke haɗuwa. Idan ka manna makirufo ɗaya a sifika ɗaya ba za ka samu koros ɗin da kunnenka ke ji a ɗaki ba. Ka sa ribon a ɗaya, SM57 a ɗayar, ka daidaita nisansu daga raga don sautin ya iso musu lokaci guda, in ba haka ba za su cinye juna sautin ya zama holoƙo.

Mai Gyaran Miksa ya amsa:

Ni ba zan shiga gardamar zaɓi ba, zan yi magana ne kan abin da ke zuwa teburina. Ribon na ƙarshe da na buɗe, wani yaro ne ya hura shi don ya gwada ko yana aiki, kamar yadda ake yi wa makirufon taro, fallen ya saki ya kwanta jikin maganaɗisu. Fankar tsaye ma tana iya yin haka, don haka ka kashe ta ko ka kawar da ita kafin ka cire murfi. A lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, domin maganaɗisun yana jawo ƙananan ɓurɓushin ƙarfe da ke cikinta su maƙale a ratar da fallen ke motsi. Ka rufe shi da jakarsa da zarar an gama, kada ka ajiye shi a ƙasa ko kan teburin gyara. Wutar fantom ta volt 48, wadda miksa ke tura wa makirufo ta cikin waya, ba ta cika yin ɓarna ba idan wayar XLR lafiyayya ce, amma waya mai kuskuren haɗi, ko soka jak alhali wutar tana kunne, na iya miƙe fallen nan take. Ka kashe ta a wannan layin, ka gwada wayoyinka da mita.

Ɗan Agadas ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baban Zainab, batun koros ya warware mini abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, domin kullum sifikar dama nake sa wa makirufo. Na karkata ga M160, tunda makaɗana ba za su yarda a raba su ba. Injiniya, idan na rataya barguna masu kauri a bangon da ke bayan makirufo, kana ganin R-10 zai iya aiki a ɗakin, ko gangar za ta shiga duk da haka?