Taƙaitawa: kwana a daji bisa gadon naɗi mara nauyi

Ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawar da aka yi kan amfani da irin wannan gado a daji, wadda akasarin masu magana a cikinta manoman rani ne da ma'aikatan da aiki ke kai su ƙauyukan Sakkwato.

1. An yi ittifaƙi cewa babban amfaninsa shi ne raba mutum da ƙasa, inda ƙarangiya da tururuwa suke. Sai dai marasa nauyin, masu sandunan alminiyam da ba su kai kilo 2 ba, tsayinsu bai kai taƙi guda ba, don haka kunama na iya hawa. A kakkaɓe takalmi da safe.

2. A kan sanyi aka fi daɗewa. A bazara iska na ratsawa ta ƙarƙashi, barci ya yi daɗi, amma da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, wannan iskar ce ke daskarar da bayan mutum kafin asuba, ko da ya lulluɓa. Maganinsa a shimfiɗa bargo a kan gadon tukuna.

3. A rairayi ƙafafunsa na nutsewa. Wani ya ce guntun katako yake sa musu.

4. Gidan sauro dole ne a fadamun Rima da Goronyo.

5. An rabu kan tsada. Masu tafiya da babur sun ce kuɗinsa ya halatta, masu tafiyar ƙafa kuwa suka ce tabarma ta wadatar, kuma a ganina ga kwana ɗaya suna da gaskiya.

An kuma ja kunne game da tsaro a gabashin jihar: a sanar da mai gari, a kwana kusa da mutane.