An mayar da maigidana Inugu: in bi shi da yara ko in zauna a Zariya?

Maman Hanif:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyayenmu da yayyenmu waɗanda suka riga mu shiga auren soja. Maigidana saje ne, shekararmu goma sha ɗaya da aure, kuma Allah Ya ba mu 'ya'ya uku, babbansu yana aji biyar na firamare, ƙaramar kuwa ban daɗe da yaye ta ba. Tun da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa yin nisa da gida ba, domin daga Jaji sai Kaduna muka zauna, kuma ko da aka tura shi arewa maso gabas a 2016, zamanin Lafiya Dole, wato aikin soja na yaƙi da Boko Haram, gidan surukaina na koma a Zariya, inda na yi kusan shekara biyu ina kwana da waya a ƙarƙashin matashi. Yanzu takarda ta fito an mayar da shi Runduna ta 82 da ke Inugu, ya ce yana sa ran samun ɗaki da falo a cikin bariki, kuma yana so mu tafi tare kafin a koma makaranta a watan Satumba.

Hajiyarsa ta ce ba da jikokinta ba. Hujjarta ita ce Hanif ya kai izu ashirin a hannun malaminsa, ba za ta yarda a katse masa karatu a kai shi inda ba kowace unguwa ake jin kiran salla ba. Ni kuma tsakani da Allah zuciyata ta kasu biyu, domin na ɗanɗana zaman kaɗaici na san ɗacinsa, amma ina tsoron ranar da yarana za su dawo gida ba su iya gaida kakarsu da Hausa ba. Waɗanda suka zauna a kudu da iyali, yaya kuka yi da karatun addinin yara, kuma da a ce yau ne, za ku sake bin mazajenku?

Hajiya Uwar Bariki:

Wa alaikumus salam, 'yata. Shekara ashirin da shida na yi ina naɗe tabarma ina shimfiɗawa a bayan marigayi maigidana, daga Rukuba ta Jos zuwa Odogbo ta Ibadan, daga nan Legas, har Abakpa ɗin nan ta Inugu da za ki, kuma har magajiyar matan rukuninmu na taɓa riƙewa. Shawarata ita ce ki bi mijinki.

Abin da Hajiyarki take tsoro, bariki ne ya fi ko'ina sauƙinsa a kudu. Duk barikin da na zauna akwai masallaci da limami wanda shi ma soja ne, akwai Islamiyyar yamma, kuma da azumi ana yin tafsiri da asham kamar a gida. Abin da ba za ki samu ba shi ne malamin zaure mai sa ido a kan yaro shi kaɗai, saboda haka wannan aikin a wuyanki zai faɗa. Ni allunan yarana a cikin akwatin zannuwana nake ɗaure su duk inda za mu, kuma bayan sallar asuba, kafin a busa begila, sai kowa ya biya mini karatunsa sannan ya ga koko. Uku daga cikinsu sun sauke a haka.

Maganar zama da waɗanda ba addininku ɗaya ba kuwa, bari in ba ki labari. Muna barikin Ikeja ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002, lokacin da ma'ajiyar makamai ta kama da wuta, bama-bamai suka riƙa tashi, gari ya ruɗe, mutane da yawa suka halaka a cikin ruwan Oke-Afa garin gudu. Maigida yana bakin aiki, ni kuma da goyo da yara biyu a hannu, na uku ya ɓace mini a cikin turmutsutsu. Maƙwabciyata, wata 'yar Tibi wadda kullum muke faɗa a kan layin famfo, ita ce ta saɓa shi a kafaɗa tare da nata, ta kwana da shi a wani coci, da gari ya waye ta kawo mini shi yana riƙe da guntun burodi. Har yau idan Kirsimeti ta zo sai na kira ta, ita ma ba ta taɓa barin Salla ta wuce ba ta neme ni ba. Hausa kuwa a cikin ɗaki ake tsare ta. Ki kafa doka cewa turancin buroka iyakarsa bakin ƙofa, domin a filin wasa da kasuwar mami ta cikin bariki shi za su ji dare da rana.

Ummu Sadik:

Hajiya, Allah Ya ƙara girma, Ya jiƙan Baba, amma ina neman afuwa zan ɗan saɓa miki. 'Yar uwa, kafin ki ɗaure ko cokali ɗaya, ki tambayi maigidanki wane irin aiki aka ba shi, a ofis zai zauna ko bataliyarsa tana cikin masu fita. Takardar canjin wurin aiki tana faɗin inda sunan soja yake ne kawai, ba ta yi miki alkawarin nan zai riƙa kwana ba. Ni na bi nawa wani bariki a kudu cike da murna, muka sayar da gado da firiji a kan asara, wata uku da saukarmu aka kwashe su zuwa wani aiki, na wayi gari ni kaɗai da yara huɗu a ɗakin da rufinsa ke yoyo, ga zazzaɓi ya kwantar da biyu, babu uwa babu ƙanwa da zan aika ko kantin magani. Kaɗaicin da kika yi a Zariya kina da mai riƙe miki yaro ki runtsa, wancan kuwa babu.

Sai batun boko, wanda na ga ba a taɓo ba. Makarantun Command, waɗanda rundunar soja ke gudanarwa, suna nan a manyan barikoki kuma suna da amfani, amma babbar 'yata makarantun firamare huɗu daban-daban ta yi kafin ta gama, kowace da littattafanta da inda ta kai a manhaja, har sai da ta maimaita aji. Hanif saura masa shekara guda ya rubuta jarrabawar shiga sakandare. Da ni ce, zan bar shi wurin kakarsa ya ƙarasa haddarsa da firamarensa, in tafi da ƙananan, kuma ko su ɗin ba zan ɗaga ba sai maigida ya karɓi makullin ɗakin a hannunsa, domin “ana sa ran samu” ba masauki ba ne.

Malam Abu Zainab:

Allah Ya saka wa iyayenmu mata da alheri. Ina so in ƙara abin da ya shafi hukunci. Asali dai mace tana zama inda mijinta ya tanadar mata, matuƙar akwai aminci a hanya da masauki, kuma shi ne ya kamata ya zauna da mahaifiyarsa ya lallashe ta da kansa, bai dace a bar suruka da matar ɗa suna jan igiya a kan jikoki ba. Doguwar rabuwar ma'aurata ba abu ne da magabata suka ɗauka da wasa ba. Malamai suna kawo labarin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya ji wata mata cikin dare tana kukan rashin mijinta da ya tafi yaƙi, ya tambayi 'yarsa Hafsa iya tsawon lokacin da mace za ta jure, sannan ya sa wa mayaƙa wa'adin komawa gida, wata huɗu a wata ruwaya, wata shida a wata.

Game da salla a hanya, tafiyar Zariya zuwa Inugu, ko ta Lakwaja aka bi ko ta Makurɗi, ta ninka nisan kasaru sau da yawa, wanda a mazhabar Malikiyya mil 48 ne, wato kimanin kilomita 80. Za ki mayar da azahar da la'asar da isha'i raka'a bibbiyu, banda magariba da asuba. Da zarar kin sauka da niyyar zaman kwana huɗu cikakku ko fiye, kasaru ta ƙare, sai ki cika. Idan kuma kika zauna a Zariya shi yake zuwa hutu, to shigarsa garin da matarsa take zaune yana yanke masa hukuncin matafiyi, ko kwana biyu zai yi cikawa zai yi.

Tsohon Samanja:

'Yata, ni ɓangaren maza zan yi magana, na yi shekara talatin da biyar a cikin kaki. Ko kin bi shi ko kin zauna, ki sa shi ya duba takardar magajinsa kafin ya tafi. Yawancinmu muna cike ta ne tun muna ƙurata a Depot na Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, mu rubuta sunan uba ko wa, sannan mu yi aure mu haifi 'ya'ya ba mu koma kanta ba. Na raka mata fiye da ɗaya ofis bayan sun fita takaba, aka buɗe fayil babu sunansu babu na yaransu, ga wa'adin barin ɗakin bariki yana matsowa. Ki tabbatar an shigar da aurenku da haihuwar kowane yaro, ki riƙe kwafi a wurinki tare da lambarsa ta aiki. Faɗin haka ba fatan mutuwa ba ne, kuma idan ya ɓata rai ki ce wani tsohon samanja ne ya aiko ki.

Maman Hanif:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Jiya da dare na karanta masa duka a waya. Da na zo kan maganar Baba Samanja sai ya yi shiru, can ya ce sunan yayansa ne a takardar, kuma yayan nan shekara huɗu ke nan da rasuwa. Ya yi alkawarin gyarawa a wannan makon, ya kuma ce ranar Juma'a zai zo ya zauna da Hajiya a kan batun Hanif, ni ban da bakina a ciki. Aikin da aka ba shi na sito ne, ba ya cikin masu fita a yanzu, amma makulli bai zo hannu ba tukuna, don haka ban fara ɗaure kaya ba. Hajiya Uwar Bariki, don Allah ina ake samun dawa da gero da kuka a Inugu, ko kuwa in auno na wata uku daga kasuwar Sabon Gari in tafi da su?