Ɗalibina bai san ya yi satar rubutu ba, yaya zan yi?

Assalamu alaikum, malamai 'yan'uwa. Ina duba kundin kammala digirin wani ɗalibi, sai Turnitin, manhajar da ke gano rubutun da aka kwafo daga wani wuri, ya ja jan layi a kusan duk babi na 2. Ya sa sunan marubuci da shekara yadda APA, tsarin ambaton inda aka samo bayani, ya tanada, amma jimlolin na masu littafin ne, kalma biyu ko uku kawai ya sauya. Ya rantse shi a saninsa ambaton suna ya wadatar, kuma na yarda da shi, don Turancin ma wahala yake ba shi. Sau biyu ina mayar masa, abu ɗaya yake dawowa da shi. Saura mako 3 a miƙa. Don Allah, wace dabara kuka gwada wajen koya wa ɗalibi faɗin ra'ayin wani da kalmominsa? Kuma in kai maganar gaban kwamiti ne, ko in ƙara masa dama?