Sautin PS5 da na kwamfuta a hedfon ɗaya: ƙugi ya ƙi tafiya

Assalamu alaikum. Sati biyu ke nan abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A Bauchi nake. Ina da na'urar wasa ta PS5 da kwamfutar tebur, duka a jone da monita ɗaya ta HDMI. So nake in riƙa jin wasa tare da sautin kwamfutar, kamar kiran WhatsApp ko YouTube, a hedfon ɗaya mai waya, don sai dare ya yi mutanen gida sun kwanta nake bugawa.

PS5 ba ta karɓar hedfon na Bluetooth kai tsaye, kuma ba ta da ramin fitar da sauti na optical irin na PS4 ta farko. Na sayo 'yar waya mai baki biyu a Wunti na jona su. Sautin ya koma ƙasa-ƙasa, yana shaƙewa. Ashe don raba sauti aka yi ta, ba don haɗawa ba.

Sai na ja waya 3.5mm daga ramin sautin monita zuwa shuɗin ramin shigar da sauti na bayan kwamfuta, na kunna "Listen to this device" a Windows. Yanzu duka biyun suna fita, amma ga wani ƙugi "zzzz" da ba ya yankewa, in na motsa linzamin kwamfuta ko aka tada janareta sai ya ƙaru. Ina zare wayar monita, tsit. Ga jinkiri kuma: ƙwallo ta riga ta tashi kafin in ji ƙarar bugun.

In na sayi ƙaramin miksa (na'urar haɗa sauti) mai shiga biyu, zai kawar da ƙugin da jinkirin, ko dole sai na ƙara da ground loop isolator, wato 'yar na'urar da ake sawa a kan wayar sauti don yanke irin wannan ƙugi? Na gode.